Fankar da Ta Kwanar da Mu a Ɗan Isa

Tunda na dawo ba ku bar ni na huta ba. Wanda ya same ni a shago a Babbar Kasuwa sai ya ce, "Lawal, wai da gaske kwana kuka yi a hanyar Maraɗi?" Wanda ya tare ni a bakin masallaci, ita ce dai. Har da masu dariya, wai ko a kan jaki muka tafi. To ku zauna in faɗa maku sau ɗaya. In na gama kada wanda ya ƙara tayar min da maganar nan, don har yanzu in na tuna ƙirjina zafi yake yi.

Kun san Inna 'yar Maraɗi ce, aure ya kawo ta Ƙofar Marusa. Wa ɗaya ya rage mata a duniya, Kawu Ilu. Abin da ba ku sani ba shi ne, tun rasuwar mahaifiyarsu ba su ƙara haɗa ido ba. Sun yi wata magana mai zafi a zaman makoki, kan wa ya yi jinyar tsohuwa wa bai yi ba, Inna ta ce ƙafarta ba za ta ƙara taka gidansa ba. Inna kuwa in ta faɗa ta faɗa. Amma da ɗansa Sale ya zo Katsina koyon gyaran mota, ita ta riƙe shi, a ɗakinta ya ci ya sha har ya buɗe garejinsa a Ƙofar Guga.

Sale taubashina ne. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka tun muna yara "bawa" yake ce min, kuma duk abin da ya yi min sunansa wasa, ba ni da damar yin fushi. Ni kuma ɗan fari ne. Inna ba ta kiran sunana, "wannan" take cewa, kuma tunda na yi wayo ba ta taɓa ba ni gaskiya a gaban ɗan wani ba, balle ɗan yayanta. Ku riƙe waɗannan abubuwa biyu, za ku gane sauran.

Satin da ya wuce kafin tafiyar, fankar lagireton motata ta daina juyawa. Ina zan kai? In kai wani gareji Inna ta ji labari? Na kai wa Sale. Ya sayo wata fanka 'yar Kwatano, ya ce na'urar da ke tayar da ita in inji ya yi zafi duk fitinar Turawa ce, ya yanke wayoyin ya haɗa ta dairek, wato da ka murɗa makulli ta tashi. Muka bar motar tana aiki a gareji har muka sha shayi, allurar zafi ba ta motsa ba. Daga gida zuwa kasuwa kuma ba wata tafiya ba ce, ban ga komai ba.

Ran nan da hantsi Iya Habi, matar Kawu, ta bugo waya. Jikin Kawu ya yi tsanani, ba abin da yake faɗa sai a kira masa Auta. Haka yake kiran Inna, don ita ce ƙaramarsu. Na faɗa wa Inna ina jiran in ga abin da za ta ce. Ta shiga ɗaki ta fito da mayafi da 'yar jakarta.

"Wannan, tashi mota. A biya a ɗauki Sale."

Lokacin bazara ne, kun san irin ranar da ake yi. Mun fita Ƙofar Guga mun kama titin Jibiya, gidaje ba su gama ɓacewa a bayanmu ba na ga allura ta fara hawa. Na ce, "Sale, duba nan." Ya ce, "Tuƙa kawai, bawa, rana ce." Ban yi nisa ba ta kai ja, tururi ya fara fitowa ta gefen bonet. Na gangara.

Sale ya buɗe bonet, ya nuna min da baki. "Ga fanka nan tana gudu kamar za ta tashi sama. Wannan kam ba ita ba ce." Na duba, gaskiya tana juyawa. Muka jira inji ya huce, ya sa tsumma ya buɗe murfin lagireto, muka saye ruwan leda na wata mai talla muka ɗura. Sai ya kwance wani ɗan ƙarfe daga bakin tiyo, wanda ke tare ruwa har sai inji ya ɗumama, ya jefa shi a but. Wai wannan don ƙasar ƙanƙara aka yi shi, mu nan ba ruwanmu. Ya ce an gama, yanzu har Agadas sai mu je.

Ko ƙauye na gaba ba mu kai ba.

Kun san hanyar nan da shingaye. Ka ɗan taka, a tsayar da kai, ka gaisa, ka ɗan taka, a tsayar da kai. Abin da ya ɗaure min kai, in muna tsaye a layi allura sai ta ɗan sauko, da mun kama tafiya sai ta hau. Na ce wa Sale wannan ai a juye yake, mota a tsaye take zafi ba a guje ba. Ya ce, "Mai yadi ya fara koya wa makanike aiki. Inna, kin ji bawana." Inna daga baya ta ce, "Wannan, ka bar shi da aikinsa." Wani mai kaki a wani shinge ya leƙo ya ga tururi, ya ce gasket ce, ya rantse gasket ce, motar ƙaninsa ma haka ta yi masa. Mai rake ya ce famfon ruwa ne. Duk wanda ya zo wucewa sai ya leƙa cikin bonet, ya ce fanka dai tana yi, sannan ya ba da tasa fatawa.

Da ƙyar muka ja jiki muka shiga Jibiya bayan azahar. Tasha tana gefenmu, ga motocin Maraɗi ana lodi, kwandasta yana ta kiran mutum ɗaya. Na juya na ce, "Inna, don Allah ki sauka. Zan saya maki kujerar gaba ke kaɗai saboda gwiwarki, mu shiga mu tafi. Sale ya tsaya da mota ya biyo mu."

Ta gyara mayafi ta ce, "In shiga gidan yayana in ce mi? In ce na baro ɗansa a titi da sifana a hannu? Da shi zan shiga."

"To mu bar motar mu tafi duka."

Sale ya ce, "Haba! A Jibiya, a gaban abokan sana'ata, in bar motar da na gyara da hannuna a yashe? Yanzu-yanzu za a gama. Murfin lagireto ne ba ya riƙe iska."

Na ce, "Mahaifinka ne fa a kwance."

Ya ce, "Tsohon nan ƙarfe ne, sai ya ga jikokin jikokinsa." Ya yi dariya, amma ban ga dariyar a idonsa ba. Inna ta ce, "Wannan, ka cika gaggawa." Wallahi na ji kamar in kama sitiyari in karya. Motar tasha ta cika ta tashi ina kallonta.

Aka canza murfi. Wani abokin Sale ya ce lagireton ya toshe, aka kwance shi aka wanke da omo har kumfa ta cika wurin. Wani kuma ya kawo garin taba wai a zuba ko akwai yoyo, nan ne na ce duk wanda ya zuba min taba a mota sai mun yi dambe. Na sayo wa Inna awara da ruwan sanyi, ta karɓa ta ajiye a gefe ba ta ci ba. Muka yi la'asar a nan.

A kan iyaka, Magama, muna jiran a duba takardun mota, waya ta yi ƙara. Iya Habi ce. Ta ce ya farka, bakinsa ya buɗe, yana tambaya ko Auta ta iso. Ta ce ko a sa masa wayar a kunne? Na miƙa wa Inna. Ta kalli wayar, ta kalle ni, ba ta karɓa ba.

"A ce masa ina hanya. Maganar da ke tsakanina da shi ba ta waya ba ce."

Na ce, "Inna, ko sallama ce."

"Na ce ina hanya."

Muna tsallakawa layina ya ɗauke. Na Sale ma haka. Ba mu ƙara jin kowa ba.

Mutanen can sai a hankali. Hausa ɗaya muke yi amma tasu ta fi nauyi, kuma gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, mu da muke taƙama da gaisuwa. Jandarman da ya tsayar da mu sai da ya tambayi gajiya, ya tambayi rana, ya tambayi mutanen Katsina, ya durƙusa ya gaida Inna, sannan ya zagaya motar a natse yana duba fitilu ɗaya bayan ɗaya. Da a wata rana ce da na yaba masa. Ranar nan ji nake kamar in ɗauke shi in ajiye a gefe. Shi ma da zai sallame mu sai da ya leƙa bonet ya ce fankarku dai lafiya lau take.

Muna shiga Ɗan Isa ana kiran magariba, na ji fas! Tiyon sama ya fashe, ruwan zafi ya wanke gilashi. Motar ta mutu a ƙofar gidan wani dattijo mai sayar da hatsi, Malam Mamman. Na ce a nemo shatar mota ko nawa ce. Sale ya ce in ba shi ɗan lokaci, ya san inda zai samo tiyo, ya bi wani lungu ya ɓace. Inna ta ce ba inda za ta sai ya dawo. Bai dawo ba sai bayan isha'i, da tiyon wata babbar mota da sai an yanke an rage. Tasha ta watse. Babur ne kawai, Inna kuwa da gwiwarta ba ta iya hawa babur. Malam Mamman ya ce, "Ku kwana, da safe kwa ci gaba da tafiyarku."

Mutumin nan Allah ya saka masa. Bai tambaye mu daga ina ko zuwa ina ba sai da muka ci abinci, ashe haka al'adarsu take. Aka shiga da Inna cikin gida, mu aka shimfiɗa mana a zaure. Tuwon gero ne da miyar kuka, an malala man shanu, ga fura a ƙwarya mai kauri wadda ludayi ke tsayawa a ciki. Na kai loma biyu na kasa. Na ce wa Sale, "Tun safe kake kwance wannan kana ɗaura wancan, ba ka san abin da ke damun motar nan ba. Ka ce ba ka sani ba, ba zunubi ba ne." Ya ce wa Malam Mamman, "Ka gani ko? Bawa in ya ƙoshi haka yake yi." Dattijo ya yi dariya ya ce taubasai ke nan, ba mai shiga tsakaninku. Ka ji fa. Ko fushina ba a ɗauka da gaske ba, an mayar da shi wasan taubashi.

Gari na wayewa Sale ya ɗaura tiyo ya cika ruwa. Malam Mamman ya ce ba za mu tafi ba mu karya ba. Ya fito da ɗan murhun waya na gawayi da irin burodinsu dogo mai kama da sanda, ya zauna a gaban motar daidai hancinta yana dafa shayi. Su shayi sau uku suke sha a ɗan mitsitsin kofi, kuma ba a gaggauta shi. Ni ina tsaye a kansa ina ta haɗiye magana. Sale ya shiga ya murɗa makulli.

Sai toka ta tashi. Duk ta watsu a farar rigar Malam Mamman, ta shiga idona, gawayi ya yi ja kamar an sa masa zuga-zugi. Dattijo ya ja baya yana kakkaɓewa yana dariya. "Kai, 'yan Najeriya! Motar taku har hura wuta take yi?"

Sale ya fito. Bai yi dariya ba. Ya zo gaban motar ya sa tafin hannunsa a gaban lagireto, ya daɗe a haka. Ya tsinci wata baƙar leda a ƙasa ya sake ta a wurin. Maimakon ta manne, sai ta tashi ta yi gaba.

Ni mai yadi ne amma na gane. Fanka janyo iska take yi daga waje, ta ratsa lagireto ta sanyaya ruwa. Tamu turawa take. Wayoyi biyu ne, ranar da ya haɗa ta dairek ya sa wannan a wurin wancan. In mota tana tsaye, ko a juye ne iska tana ɗan wucewa, shi ya sa a gareji ba a ga komai ba. In ta kama hanya, iskar titi tana turowa daga gaba, fanka tana turawa daga baya, su yi karo a tsakiya, ba abin da ke wucewa. Tun Katsina kowa ido ya sa mata, ya ga tana juyawa ya wuce. Ba wanda ya sa hannu.

Ya ɗauko filaya, ya juya wayoyin, ya naɗe da salatif. Shayin farko bai huce ba ya gama. Ya sake sakin ledar, ta manne ɗam.

Na buɗe baki. Duk abin da na tara tun daga Jibiya ya zo min wuya. Inna tana bakin zaure da jakarta, ta ga komai. Ta ce, "Wannan, ya isa. Tashi mota."

Daga Ɗan Isa har Maraɗi allurar nan ba ta ko gusa ba. Na taka motar iya takawa, tana kwance abinta a ƙasa. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Sale ne ya nuna min kwanar gidansu. Muna karyawa na hango tabarmi a ƙofar gida, maza zazzaune, wasu na zuba ruwa a buta suna wanke ƙafa. Daga maƙabarta suke. Ban gama tsayawa ba Sale ya buɗe ƙofa ya fita. Na kalli Inna ta madubi. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," sau ɗaya, a hankali, sannan ta nemi takalminta da ƙafa.

Iya Habi ce ta ba mu labari a tsakar gida. Ya yi ido biyu har bayan isha'i. Duk motar da ta wuce a titi sai ya juya kai ya kalli ƙofa. Kafin asuba ya cika, saboda zafi ba a jira ba, rana na fitowa aka kai shi. Sun yi ta neman layinmu ba ya shiga. Ta ce ya bar saƙo, a ce wa Auta shi ya fara, ta yafe masa. Inna ta shiga ɗakin, ta tsaya a kan gadon da aka riga aka naɗe shimfiɗarsa, ta ce, "Na yafe, Yaya. Ni ma ka yafe min." Ba mai amsawa.

Kuna tsammani a nan abin ya tsaya? Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya tambaya me ya tsare mu. Kafin kowa ya buɗe baki Inna ta ce, "Motar wannan ce ta tsufa." Shi ke nan ya bazu. Dattawan Maraɗi suka sa ni a gaba, wannan ya ce ɗan kasuwa guda ka riƙa kula da abin hawanka, wancan ya ce tafiya irin wannan ai ba a yi da mota mai ciwo. Ina zaune a tabarma ana miƙo min gumba ina cewa haka ne, Allah ya ba da haƙuri. Ciki kuwa wuta. Na haɗiye don ita ta faɗa, kuma don na san abin da take karewa.

Ranar addu'ar uku wani ya sake ɗauko maganar. Sale, wanda tun zuwanmu ban ga ya kai loma baki ba, ya ɗago ya ce, "Ku ƙyale Lawal. Motarsa lafiya lau take. Ni na juya waya." Ranar ce na fara jin sunana a bakinsa ba bawa ba. Shi ya sa ma nake iya faɗa maku, da bakinsa ya faɗa a gaban mutane. Na so in ji sanyi ban ji ba. Zagin da na tanadar masa yana nan cikina, na kalli fuskarsa na rasa inda zan sauke shi. Mutum ya rasa ganin mahaifinsa da hannunsa, me zan ƙara masa?

Shi ya tsaya can sai an yi bakwai. Ni da Inna muka kamo hanya. Muka tsaya Ɗan Isa muka gaida Malam Mamman, ya yi mana ta'aziyya, ya cusa min kilishi a aljihu ina ƙi yana turawa. Muka tsallaka iyaka, waya ta dawo, saƙonnin kiran Iya Habi na ranar nan suka yi ta shigowa a jere har na kashe ta. A Jibiya muka wuce ta gaban tasha, ana lodin Maraɗi, kwandasta yana kiran mutum ɗaya. Na ga Inna ta madubi ta juya tana kallon motar har muka yi kwana.

Muka iso, na tsaya a ƙofar gida a Ƙofar Marusa. Na zagaya na buɗe mata. Ba ta sauko ba. Kanta yana ƙasa, tana murza bakin mayafi.

Ta ce, "Kai ke da gaskiya a Jibiya. Da na sauka."

Jama'a, tunda na yi wayo nake jiran ranar da Inna za ta ce ni ke da gaskiya. Ga ta ta zo, ba kowa a wurin sai ni da ita, kuma wallahi tallahi ban so ta ba. Da za a karɓe ta a ba ta minti ɗaya da yayanta, da gudu zan bayar. Na ga hawaye yana sauka a kan jakar da ke cinyarta.

Na ce, "A'a, Inna. Motar ce ta tsufa."

Ta ɗago ta dube ni. Sannan ta miƙo hannu, na kama, na sauko da ita.